Madubin Gyaran Ɗankwali

Jama'a, sai da na ga ƙaramin madubin nan sannan na gane abin da mijina, Baban Amira, ya ɓoye mini!

Da na fita takabarsa, na zo Guangzhou tattara kayansa. Jiya abokinsa, Alhaji Sani na Maraɗi, ya ce lallai in bi shi wani gareji a bayan Liwan.

Tsohuwar motar tserensa ce, ja, irin wadda ba a yarda ta hau titi ba. Kullum nakan zolaye shi, "Mota mai kujera ɗaya ai ta marowaci ce."

Ina leƙawa, sai ga kujera biyu! An sa fitilu da sigina, an rage mata ƙara don a ba ta lamba a Kano. A saman sabuwar kujerar kuma ga madubi.

Na ce, "Alhaji, wannan fa?"

Ya tambayi mai garejin da Sinanci, sai ya fashe da dariya. "Hajiya, wai marigayi ya ce ba kya sauka mota sai kin gyara ɗaurin ɗankwali. In babu naki, nasa za ki murɗe."

Wallahi haka nake yi! Na shiga na zauna, aka tayar da inji har ƙirjina na rawa. Ina dariya, hawaye na zuba, ina cewa a ƙara ba ta wuta.

Ku taya ni yi masa addu'a. Saura hon da lamba, ni kuma ban iya tuƙi ba tukuna.