Kwandon da Baba Ummaru Bai Ɗaga Ba

Ina tashar Ƙaura Namoda ana sauke mini kwandunan banda, wayar Bashiru ta shigo. Bai ja gaisuwa ba. Ya ce, "Yaya Lawali, Baba ya cika." Na yi salati, na nemi gefen wani buhu na zauna. Kuka bai zo mini a lokacin ba. Gajiya ce ta sauko mini, irin ta wanda ya daɗe yana jiran labarin da ba ya son ji.

Baba Ummaru Mai Banda, mahaifin Bashiru, ubangidana ne. A rumfarsa na koyi sana'ar busasshen kifi tun ban da gemu, ga shi yau gemun ya fara furfura. Tare muka ci kasuwar Shinkafi da ta Zurmi, tun lokacin da mutum ke hawa hanyoyin nan gabansa ba ya faɗuwa. Mutum ne mai kyauta da kawaici, amma gaskiya a faɗe ta, yana da taurin kai, kuma taurin kan nasa duk a wuri guda ya taru.

Banda idan ta daɗe a ajiye, ƙwari kan cinye ta ta ciki, fatar kuwa tana nan da kyanta. Wasu ma sai su shafa mata man gyaɗa ta yi sheƙi. Shi Baba ba ya yarda da ido, ba ya yarda da hanci. Duk kwandon da ya shigo rumfarsa sai ya ɗaga shi da hannunsa ya ji nauyinsa. Ranar kasuwa ya sake ɗagawa, ya girgiza, ya kasa kunne. Idan ya yi sauƙi, ko ya ji kifin na kwaramniya a ciki, gari na zuba ta ƙasa, sai a ware shi a faɗa wa mai saye gaskiyar abin da yake saye. Yakan ce, "Kihin da ban ɗaga ba, ba ni cewa mutum ya kai ma iyalinai." Na taɓa sayo masa sikeli. Ya yi godiya, ya rataye shi, hularsa ya riƙa ɗorawa a kai.

A hankali muka ga yana raguwa. Rigar da a da take tsaya masa a ƙwauri ta koma sharar ƙasa, bayansa ya ranƙwafa. Muna zolayarsa wai tela ya cuce shi, yana dariya. Sai da ciwon baya ya hana shi ruku'u sannan ya yarda muka je asibiti. Aka ɗauki hoton bayansa, likita ya duba, ya ce ƙashinsa ne ya zaizaye da tsufa, har wasu gaɓoɓin baya sun lotsa. Baba ya ce ai shi ya san wannan ciwon tsofaffin mata ne. Likita ya ce maza ma yana kama su, sai dai ba sa zuwa sai sun karye. Baba ya dube ni ya ce, "Ashe ni ma ƙwarin sun shige ni, Lawali."

An ba shi magani, aka kuma kafa masa sharaɗi: kada ya ƙara ɗaukar abu mai nauyi. Maganin ya sha. Sharaɗin ne ya gagara. Na roƙe shi, Bashiru ya roƙe shi, matarsa Inna Hassi har fushi ta yi da shi. Na ce ni zan riƙa ɗagawa in faɗa masa. Ya ce, "Hannunka naka na, bakin da za shi rantse ma mutane kau nawa na." Wallahi ranar na ji haushinsa, na kuma gaji da faɗa. Na fara ɓoye kwanduna a bayan rumfa, yana bi da sandarsa yana zaƙulo su.

A kasuwar Shinkafi abin ya faru. Ya sunkuya ya ɗaga kwando, ƙafa ta goce kaɗan, ya zauna daɓas. Faɗuwar da yaro zai tashi yana dariya, shi ta karya masa ƙashin ƙugu. An gwada ɗori, an koma asibiti, ƙashin ya ƙi kamawa yadda ake so. Daga ranar bai sake tsayawa da ƙafarsa ba, kuma jinyar ta yi tsawo har ta gajiyar da kowa, shi ma ta gajiyar da shi.

Zuwana na ƙarshe, ya sa na shigo masa da kwando guda har ɗaki. Na ɗauka zai ce a ɗora masa a hannu. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ɗaga." Na ɗaga, na girgiza. Ya ce, "Mi kaj ji?" Na ce da nauyinsa, Baba, lafiya lau yake. Bai miƙo hannu ba. Ya lumshe ido ya ce, "To, tahi ka saida. In an tambaya, ka ce ni nac ce." Na fito da kwandon a kafaɗa, a zaure na tsaya na yi kukan da ban yi a gabansa ba.

Allah Ya jiƙan Baba Ummaru, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa doguwar jinyar nan ta zama kaffara. Allah Ya yalwata masa kabari, Ya hutar da ƙasusuwan da suka gaji. Ya ba Inna Hassi da Bashiru da ƙannensa haƙuri da abin rufin asiri. Mu da muka rage a rumfa, Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da ya bar mana, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.