Allon Makullai

Shekara arba'in bakaniken nan yana sauraron injin mota yadda likita ke sauraron ƙirji, har aka laƙaba masa Mai Kunne. Da motocin lantarki suka cika gari, kunnen ya rasa aiki. Mota ba tari, ba nishi, ba ta faɗin inda ke mata ciwo. Ya koma gyaran birki da ƙafafu.

A bangon garejinsa akwai allo mai ƙusoshi inda yake rataye makullai. Sababbin motocin ba su da makulli, da waya ake buɗe su. Sai ya riƙa rubuta lambar sirrin kowane mai mota da alli a ƙarƙashin ƙusa. A ganinsa amana ce ya ajiye a mazauninta. Bai taɓa kawowa a ransa cewa mai wucewa zai ɗauki hoton allon ba.

Wata rana da tsakar rana 'yarsa ta kawo tata motar, birki na kuka. Jikarsa 'yar wata takwas tana barci a kujerar baya.

"Bar min amaryata ta huta," in ji shi. "Ita kaɗai ce ba ta raina tsufana."

"Baba, ai dole ku shirya. Ku biyun ba mai haƙori."

Ta fito ta tura ƙofa. Motar ta yi ƙyas, ta kulle kanta, na'urar sanyi ta ɗauke. Ta danna waya, aka ce an canza lambar sirri. Wani can, wanda ba su san fuskarsa ba, shi ke riƙe da motar yanzu.

"Wa ka ba lambata?"

"Ban ba kowa ba. Ga ta can a allo."

Ta dubi allon, ta dube shi. Ta kira kamfani, aka ce ta jira a tabbatar ita ce mai motar.

Rana ta tsaya a kan rufin. Jaririyar ta farka tana tsala kuka, gumi ya jiƙe mata wuya. Mai Kunne ya ɗauko guduma ya zagaya tagar direba, nesa da ita. Gilashin ya tsage kamar saƙar gizo, ya ƙi zubewa. Ya sake bugawa, ya sake. A tsakanin bugu yana jin kukan na sirancewa, yana komawa ciki kamar ruwan rijiya a rani.

"Yi kuka, amarya," yake cewa. "Don Allah yi kuka."

Da filaya da yatsu ya yage gilashin, ya kutsa har ƙugu, ya kwance jaririyar ya miƙo ta. Jikinta kamar dutsen da ya wuni a rana. Uwar ta kwara mata ruwan buta, ta kara kunci a hancinta.

"Tana numfashi?"

"Kaɗan. Tashi ka tsayar mana da mota mu kai ta asibiti, Baba."

Ya fita tsakiyar titi, ya ɗaga hannuwansa biyu, jini na gangarowa gwiwar hannu, ya tsaya a gaban motar farko da ta taho.