Gawayin da Ya Hana Ƙauri Nuna

Shekarun baya can, da matar babban ɗana ta haihu, aka ɗauko ni daga Katsina aka kawo ni Kubwa, a Abuja, in kula da mai jego. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma a kan murhu babu mai koya mini aiki. Haka dai na ɗauka.

Aka sa ranar ƙauri. Ga 'ya'yan Abuja da ba su san shi ba, ƙafafun sa ne ake dafawa da kayan yaji har su yi ligif, mai jego ta ci ta ji ƙarfi, a raba wa dangi. Gwaggon mai jego ta aiko cewa suna tafe daga Zariya, mota cike da mata, da azahar za su iso. Idan ƙaurin nan bai nuna ba, ba ɗana za a zaga ba. Ni za a zaga, uwar miji.

Na ce a kawo mini itace. Ɗana ya ce mai gidan haya ya hana, wai hayaƙi yana ɓata masa fenti. Fenti! Ɗan murhun gas ɗinsu kuma ko gindin tukunyar ba zai ɗauka ba. Sai gawayi. Mu a wajenmu gawayi na maƙera ne da masu guga, ban taɓa dafa abincin taro da shi ba.

"Inna, ki kwantar da hankalinki," in ji shi. "Na samo a hanyar Gwagwalada. Buhun ya kusa kai ni tsawo."

Ina tsaye a bakin ƙofa ya fiddo shi daga bayan mota, ya saɓa a kafaɗa ɗaya, yana amsa waya da ɗaya hannun. Yaron da ko tulu bai taɓa ɗauka ba sai ya yi nishi. Ni da ake cewa ko allura ba ta faɗuwa a gida ban gani ba, maimakon in ce a kawo in ɗaga in ji, sai na ce a raina: Masha Allah, abincin Abuja ya karɓe shi.

Bayan asuba na hura wuta. Nan take ta kama, jajir, har da tartsatsi. Na ɗora tukunya, na juya dakan yaji. Kafin in tankaɗe, na waiwaya na tarar da toka. Na ƙara, na fifita, ya kama, ya cinye. Na ƙara. Ga ruwan wankan mai jego shi ma yana jiran nasa. Da hantsi buhun ya koma rabi, ƙafar sa ɗin kuwa na caka mata wuƙa ta ƙi shiga, kamar tayar mota. Rana ta yi sama, na zura hannu cikin buhun har kafaɗa, sai gari nake ɗebowa. Mai jego ta leƙo ta taga da jariri: "Inna, ko in sha shayi tukuna?" Na ce ta koma ciki kada iska ta buge ta.

Ana haka maƙwabciyarmu ta shigo, wata 'yar Filato mai tuyar ƙosai a bakin titi. Ta gaishe ni, ta ɗauki gawayi ɗaya ta murza da yatsu biyu, ya rugurguje.

"Kai, Mama! Wannan iska ne aka sayar maku. Oga bai ɗaga buhu ba?"

Na ce, "Ya ɗaga mana. Har da waya a kunne."

Ta yi dariya sai da ta dafa bango. Ni ban ga abin dariya ba. Ta fita, ta dawo da nata a ɗan bokiti. Na raina shi, na kai hannu ɗaya in karɓa, saura kaɗan kafaɗata ta goce. Na buga biyu, suka yi ƙara kamar ƙarfe. Na itacen kirya ne. Na karya nata, ciki a cure. Na karya namu, duk huji kamar soso. A nan na tuna abin da na sani tun ina budurwa: guntun kirya mai nauyi ya kwana yana ci, gungumen rimi kuwa ko tuwo ba ya kaiwa. Wutar tana cikin nauyin abu, ba cikin girmansa ba. Itace ya sauya kama ya zama baƙi, sai na manta.

Nata ya sha fifita kafin ya kama, da ya kama kuwa bai sake neman ƙari ba. Amma lokaci ya riga ya tafi. Matan Zariya suka iso suka tarar da ɗana tsugune cikin shaddarsa yana fifita wuta da faranti. Har yana da bakin gaya mini wai ai sun karanta wannan a makaranta, wai ana auna nauyin abu a gwada da wurin da ya cika. Na ce ya rufe mini baki ya ci gaba da fifita. Shi ya baro karatunsa a aji, ni na baro nawa a Katsina.

Sai bayan la'asar na sauke, don kunya ta hana ni ƙara jira. Gwaggo ta ɗauki tsoka, ta ja, ta sake ja, ta tauna ta tauna. Sannan ta share baki ta ce, "Hajiya, yaji ya ji. Ku Katsinawa dai Allah ya hore muku haƙora."

Tun daga ranar, komai aka kawo mini a buhu sai na ɗaga da hannuna, ko baya na ciwo. Ido girma kawai yake gani, iskar da ke ciki ba ya ganinta. Abin da har yau yake ƙona mini rai, jaririn nan yanzu ya fi ubansa tsawo, amma duk haihuwar da aka yi a dangin Zariya sai gwaggo ta bugo waya da kanta: "Hajiya, lallai ki zo suna. Ƙauri kam kada ki wahalar da kanki, mun ba wata."