Wanda Ya Sa wa Kwaɗo Iska

Ina koyar da Turanci a wata sakandare a Azare aka are ni, kamar yadda ake aron tsani, ga wani ofishin aikin gona da ke bakin gari. Zamanin soja ne, tsakiyar shekarun tamanin. Aikina in mayar da takardun Turawa zuwa Hausa saboda manoma, in kuma gyara wa manya wasiƙunsu kada a yi musu dariya a Bauchi. A wannan ofis wani mutum ya karye a ƙugu, sannan aikinsa ya rataya a kan takarda ɗaya, kuma ni na rubuta takardar.

Abin da ya karya shi wani babur ne mai ƙafa uku. Kada mai karatu na yau ya ɗauka irin mai rumfar nan ne da ke jigilar fasinja a gari. Wannan gajere ne, mai faɗin gindi, tayoyinsa kamar kabewar da ta samu taki. An yi shi ne don rairayi da laka da kunyoyin gona, wuraren da motar ofis take kafewa. Guda huɗu aka kawo mana. Ranar da aka sauke su leburori suka raɗa musu suna kwaɗo, sunan kuwa ya zauna daram.

Kowane kwaɗo ya zo da hular kwano, da littafi, da wani ɗan geji na awon iska wanda tsawonsa bai wuce biro ba. Littafin aka miƙo mini in fassara. Babu adabi a cikinsa ko na taɓa baki, amma na koyar da littattafan da ba su kai shi gaskiya ba. Ya ce mutum ɗaya ne yake hawa. Sirdin da ka ga yana da tsawo, an yi shi ne don mahayi ya matsa gaba in zai hau tudu, ya ja baya in zai gangara. Ya ce in za ka sha kwana ka karkata jikinka ta cikin kwanar, kuma duk rintsi kada ka sauke ƙafa ƙasa, tayar baya za ta taka ta. A duba baƙin mai kowace safiya, a wanke filta, a kakkaɓe wa sarƙa yashi. Sai magana ɗaya da ya maimaita a shafi uku, kamar malamin da ya san ajinsa. Kwaɗo ba shi da sifirin irin na mota mai shanye gargada, laushin tayarsa shi ne sifirinsa. Iskar da take so ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na ta mota ba. In aka cika ta, injin zai riƙa tsalle, kuma abu mai ƙafa uku in ya yi tsalle ba lallai ya sauka a kan ƙafafunsa ba.

Mutum ɗaya na tabbata ya karanta fassarar tawa daga farko zuwa ƙarshe. Malamin gona ne, ɗan kudancin Bauchi, Kirista, mai jan waƙa a cocinsu. Shi aka danƙa wa kwaɗon da ke zuwa fadamun wajen Gadau, ya sa hannu a takarda cewa yana hannunsa. Ya kwafe dokokin a littafinsa da jan biro. Kowace safiya zan hango shi ta taga a tsugune, yana zare sandar awon mai, yana goge ta da tsumma, yana liƙa ɗan gejin a bakin kowace taya kamar likita da jariri. Hular kwano kuwa ko a zafin bazara ba ya cire ta. Direbobi suna ce masa ɗan sama jannati.

Wahalarsa ita ce alherin mutanen Katagum. Ba zai yi tafiyar mil guda ba sai wani ya ɗaga masa hannu.

“Malam! Tayarka ta sace!”

“Na gode, Baba. Haka aka haife ta.”

“To ka kai ta wajen mai faci mana, kada ta ci bakinta.”

“Zan gaya mata.”

Ya iya wannan amsa da Hausa, ya iya ta da Fillanci. Ya ce mini har wani tsoho a hanyar Gololo ya taɓa bin sa da famfon keke.

Manajan ofishinmu mutum ne da ya yi karatu a waje, kuma ba ya barin bango ya manta, don takardun shaidarsa sun cika shi. Ban taɓa ganin ya buɗe littafin kwaɗo ba, na Turanci ko na Hausa. Wata Laraba aka ce manyan baƙi za su zo daga Bauchi su ga aikin fadama. Da safe aka jera kwaɗi huɗu a bakin ƙofa, an wanke su suna ƙyalli. Manaja ya fito da babbar riga, ya zagaya su, ya ɗora takalmi a kan wata taya ya danna. Ta lotsa.

“Wannan wane irin sakaci ne? Kayan gwamnati, taya a sace, ga baƙi a hanya? A kira mini mai faci.”

Malamin gona ya matso, hularsa a hannu. “Ranka ya daɗe, daidai take. Yanzu na auna.”

“Da me?”

Ya nuna ɗan gejin.

“Da biro?” in ji Manaja. Direbobi suka yi dariyar da ake yi wa barkwancin manya, mai tsawo fiye da barkwancin.

Aka tura kwaɗin zuwa rumfar mai faci da ke tsallaken titi. Bawan Allah ya liƙa nasa gejin na mota, allura ko motsi ba ta yi ba. “Wallahi Alhaji babu komai a ciki. Allah ne kawai yake tafiya da su.” Ban ga laifinsa ba ko a lokacin. Shekara nawa yana ganin taya, bai taɓa ganin wadda lafiyarta laushi ne ba.

“Ranka ya daɗe,” in ji malamin gona, “in aka cika ta ba za ta hawu ba. Hanyar nan duk gargada ce. Ga Ticha nan, shi ya fassara littafin.”

Kowa ya juyo gare ni. Na gyara murya na ce, “Ranka ya daɗe, littafin dai ya ce...”

“Ticha, nan ba aji ba ne,” in ji Manaja.

Iyakar jarumtata ke nan a ranar, kalma bakwai, ban ma kai aya ba. Na tsaya ina kallo mai faci yana ɗura iska, yana ƙwanƙwasa tayar da sifana har ta fara amsawa kamar ganga. Manaja ya sake dannawa da takalmi, ya gyaɗa kai, ya ce malamin gona shi zai ja gaba, motocin baƙi su bi shi.

Ina cikin mota ta uku. Da muka bar kwalta muka hau jar hanya, na ga kwaɗon ya cika sunansa. Yana tsalle, mutumin yana miƙewa a kan takalmansa yana tare shi da gwiwa, yana rage gudu. Direban Manaja ya danna masa oda. Ya ƙara danna masa. A wata kwana kusa da kwalbati tayar baya ta daki kunya, injin ya tashi, ya juya a sama, ya sauka a kan mai shi. Da muka ɗaga masa shi, hular kwanon ta tsage daga goshi zuwa ƙeya. Kansa lafiya. Ƙugunsa ne ya karye. Abin da ya fara faɗa da ya ga fuskata shi ne, “Ticha, a kashe injin, mai yana zuba.”

Baƙi suka ce subhanallahi, suka ƙarasa fadama, suka ci kaza.

Bayan mako biyu aka kafa kwamitin bincike na mutum uku, Manaja ne shugaba, ni ne sakatare. Hedikwata a Bauchi tana son sanin abu ɗaya: laifin mahayi ne, a sallame shi, ko kuwa a ci gaba da riƙe shi har ya warke. Ba a kira mai faci ba, wai ba ma'aikaci ba ne. Ba a je asibiti an ji daga bakin wanda ya karye ba, wai kada a dame shi. Manaja ya ce in rubuta ganganci da gudun wuce ƙa'ida. Na ce ban ga gudu ba, ba zan rubuta gudu ba. Na faɗi haka a zaune, na kuma ji kaina kamar wani gwarzo.

“To rubuta abin da ka gani,” in ji shi, yana duba agogo.

Turanci yana da wata kafa da ake faɗin aiki a ɓoye wanda ya yi shi. Mu ma muna da ita, gajeriya ce, harafi biyu: an. An fasa tulu. An ci kasuwa. Ta wannan kafa na bi. Na rubuta cewa da safiyar ranar an ƙara wa tayoyin iska fiye da yadda littafin injin ya yarda, kuma wannan ne ya jawo haɗarin. Kowace kalma gaskiya ce. Na ce a raina duk mai hankali a Bauchi zai tambaya, wa ya ƙara? Daga nan gaskiya za ta fito da ƙafarta, ba tare da na ɗauko ta a kaina ba. Manaja ya karanta sau biyu, ya yi murmushi, ya ce, “Ticha, alƙalaminka yana da kyau.” Ya sa hannu. Wannan murmushin ya isa ya farkar da jaki, ni kuwa gida na tafi ina yaba wa kaina dabara.

A Bauchi ba wanda ya tambaya. Suka buɗe fayil, suka ga wanda ya sa hannu cewa injin yana hannunsa, suka cike gurbin da na bari da sunansa. Wasiƙa ta zo: an sallame shi saboda sakaci da kayan gwamnati. Mutumin da yake auna iska kowace safiya aka kora saboda iska. In akwai iskancin da ya fi wannan a aikin gwamnati, ban karanta shi ba tukuna.

Na same shi a gidan hayarsa, kwance a kan katifa a ƙasa, sanduna biyu jingine da bango. Matarsa ta kawo mini ruwa, ta ajiye ba ta dube ni ba. Wani ya riga ya kawo masa kwafin rahoton.

“Ticha, zauna. Kai ne gwanin fassara. Mayar mini da wannan layin Hausa.”

Na mayar.

“An ƙara,” ya maimaita. “Wane ne An? Ɗan wane gari ne? Ni dai na yi shekara shida a ofishin nan ban taɓa gaisawa da shi ba.”

“Na ɗauka za su tambaya.”

“Kai da kake tsaye a wurin ba ka faɗa ba, su da suke Bauchi za su tambaya?” Ya yunƙura zai gyara kwanciya, ya cije leɓe, ya fasa. “Da ka rubuta ganganci ma da ya fi mini. Sai in ce ƙarya aka yi mini, in tafi da abina. Wannan fa? Ina zan kai ƙarar gaskiya?”

Ga ni, mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana ja wa yara jan layi a ƙarƙashin jimla, yana rubuta musu “wa ya yi?” a gefe, zaune a kan kujerar roba ina kallon kofin ruwa.

Washegari na rubuta wasiƙa ta biyu. Wannan karon kowace jimla da mai aikinta a gaba: Manaja ya ba da umarni, mahayi ya ƙi, Manaja ya tilasta, ni na yi shiru. Na kai ta gidan waya da kaina. Amsar da na samu ita ce takardar mayar da ni makaranta kafin ƙarshen wata, da godiya bisa gudummawar da na bayar. Game da malamin gona kuwa, rahoton kwamiti ya riga ya shiga fayil, kuma sakataren kwamiti ba zai zo daga baya ya ƙaryata sa hannunsa ba. Haka wani akawu ya gaya mini, cikin tausayi, kuma a ƙa'ida ya fi ni gaskiya.

Ranar da zai bar Azare na je tasha. An shimfiɗa masa katifa a bayan a-kori-kura, tsakanin buhunan kayansu da keken ɗinkin matarsa. Na ce masa na aika wasiƙa, na faɗi sunan kowa. Ya ce ya ji labari. Na ce ko zai yafe mini.

“Wannan tsakanina da Allahna ne, ina kan aikinsa,” in ji shi. “Kai dai ka je ka gaya wa yaran nan uku masu hawan sauran kwaɗin su sace iskar tayoyinsu. Har yanzu a cike suke.”

Direba ya buga mota, suka kama hanyar kudu. Ni kuma na tari ɗan acaɓa zuwa ofishin da aka kore ni daga cikinsa, na roƙi mai gadi ya kira mini su waje.