Wa Ya Biyo Hanyar, Kuma Yaushe?

Tsufa ya fara kwashe min abubuwa da yawa, amma ranar da 'yata ta karanta min aikinta a tsakar gida ba za ta taɓa fita raina ba. Ni ban san alƙalami ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa.

Shekaru na yi ina suyar ƙosai a tashar 'yan acaɓa ta Kakangi, kafin rasuwar maigidana ta dawo da mu cikin garin Birnin Gwari. Duk wanda ya fito daga daji wurina yake fara tsayawa, mai shiga kuma ni yake tambaya labarin hanya.

'Yar tawa ta yi karatun kwamfuta. Tana aiki da masu haɗa wata na'ura da manomi zai kira a waya, ya yi tambaya ta amsa masa da Hausa. Ta ce na'urar ba ta san komai da kanta ba. Kayan aiki aka ajiye mata, wannan na duba ruwan sama, wancan na duba hanya, kowanne da ɗan rubutun da ke gaya mata amfaninsa, kuma abin da rubutun ya faɗa shi take bi. Aikin 'yata shi ne ta auna rubuce-rubucen ta ba su maki. Washegari ne za a buɗe wa mutanen ƙauyukanmu layin.

Da hantsi ina tsintar wake ta ce, "Inna, ki zama na'urar mana. In karanta miki, ki ga ko za ki gane aiken."

Na ce, "Da tsufana za ki mayar da ni inji? To, a fara zuba min mai."

Ta yi dariya ta karanta na ruwan sama, na gane shi sarai. Sai ta zo kan na hanya: "Wannan yana kawo rahoton matsala a hanyar da aka ambata." Ta ce ta ba shi cikakken maki, don gajere ne, babu kwana-kwana.

Na ce, "In babu rahoto fa?"

"Sai ya dawo ba komai."

"To ni da aka aika, me zan gaya wa mai tambaya?"

Sai ta ɗauki waya ta tambayi na'urar hanyar Randagi, wadda babu wanda ya aiko da labarinta. Murya mai daɗi ta ce, "Babu matsala, Allah ya kai ku lafiya."

Na ajiye faifan waken. Ranar da maigidana ya tafi bai dawo ba, ina kwance ba ni da lafiya, ban fita tasha ba. Ya tambayi wani, aka ce masa ba a ji komai ba, ya hau babur. Ashe tun asuba 'yan bindiga sun tare hanya, babu wanda ya iya fitowa daga dajin, shi ya sa ba a ji komai ba. Yanzu ma da nake faɗa hawaye nake yi. Allah ya jiƙansa.

Na share fuska na ce ta rubuta. Ni ban taɓa ce wa mutum hanya lafiya ba sai na gaya masa wa ya biyo ta, kuma yaushe. A gaya wa na'urar cewa abin da mutane suka aiko kaɗai kayan nan ke kawowa, ta riƙa faɗin lokacin da labari na ƙarshe ya zo, in kuma ba ta samu komai ba kada ta ce lafiya.

'Yata ta soke makin, ta kira shugabansu, ta buɗe muryar wayar, ta gaya masa abin da na ce. Bai ji daɗi ba, domin an riga an sanar da mutane ranar buɗewa. Ya ce, "Mama, ai na'urar ba ƙarya ta yi ba, babu rahoton ne."

Na ce, "Ɗana, wanda ya amsa wa mijina ma ba ƙarya ya yi ba."

Sai ya ce a ɗaga buɗewar, a koma kan kowane rubutu da tambayata: in an je ba a samu komai ba, me za a ce?

Bayan an yi gyaran, 'yata ta sake kiran na'urar a gabana. Na'urar ta ce, "Tun jiya da la'asar babu wanda ya kawo labarin hanyar nan. Ban san halin da take ciki ba, ku tambaya a tasha kafin ku tashi." Na sa aka maimaita min, ina zaune ina jin kaina ya yi girma.

Abin da na koya shi ne, duk wanda za ka aika, mutum ko na'ura, aikenka bai cika ba sai ka gaya masa abin da zai faɗa in ya tarar da shiru. Masu karatu ne suka koya wa na'urar nan magana, amma ni ce na koya mata ta ce ban sani ba.