Yaya Mai Guga da Hedifon Baba

Ni na tsinke igiyar. Na je gaida Baba ranar hutu, na miƙe zan tafi ina ta zuba surutu, ashe ƙafata ta sarƙe da igiyar hedifon ɗinsa, abin sauraron nan mai kama kai, mai soso a kowane kunne. Ina ɗaga ƙafa rediyo ya biyo ni, hedifon ya fizge daga kan tsoho, ni kuwa na tafi na rungumi ƙofa. Da na waiwayo, fulogi na maƙale jikin rediyo a lanƙwashe, igiya na ƙasa kamar wutsiyar ƙadangare.

Yaya ta juyo. Kallo kawai ta yi mini, irin wanda take yi wa wuyan riga.

Yayata ke nan, wadda duk layin ke kira Mai Guga. Tun muna yara sai ta ɗauraye sabulu kafin ta yi wanka da shi. Allah da ikonsa sai ya ajiye abincinta a ɗakin wanki na wani otal, inda ta tsufa tana juya dattin mutanen da ba ta sani ba. Ba ta taɓa ganin fuskar baƙo ba, amma miƙa mata matashin kai, za ta gaya maka irin man da yake shafawa da ranar da ya rabu da wanka. Da guga ta aurar da 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, kuma da Mama ta rasu ita ta ɗauko Baba ta kawo shi ɗakunanta na haya a saman bene.

Baba ya bar rabin jinsa a masaƙa, cikin ƙarar injuna. Rediyo ne abokin hirarsa, kuma in babu hedifon sai ya murɗe shi har tagogi su ɗauki rawa. Kafin mako ya zagayo mai gidan haya ya hau bene yana haki.

"Mai Guga, ni ban ba gidan rediyo haya ba. Ko ƙarar nan ta tsaya, ko ku nemi wani wuri."

Ta sayo sabon hedifon, Baba ya ce yana matse masa kai. Ta sayo ƙananan nan na cusawa, ya ce shi ba a zura masa ƙwaro a kunne. Nasa yake so. Nasa kuwa, jama'a, ya girmi wasu masu aure. Soson ya sha zufa da man kai har ya koma baƙi yana ƙyalli, in ka danna sai ya riƙe yatsa kamar ba ya son rabuwa. Yaya ta ɗauke shi da tsinken shanya, ta jefa a leda, ta kai wa mai gyaran rediyo na bakin layi.

Mutumin ya leƙa ledar ya kau da kai. "Yaya, ni ma ina da iyali. Ga sabuwar igiya, ga fulogi, ga dalma, ga aron ƙarfen narka ta. Silin waya uku ne kawai a cikin igiyar, kowane da mazauninsa a jikin fulogi. Ki yi da kanki."

Ta shimfiɗa tsohuwar jarida a kan teburin guga, ta sa safar hannu, ta ɗaure hanci da ɗankwali. Ta kwance murfin kunnen hagu, inda igiya ke shiga. Abin da ta tarar ya sa ta ja da baya: furfura, amosani, dauɗar kunne da ta bushe ta zama gari, da wani kyankyaso da ya mutu a zaune, ga alama yana cikin sauraron labarai ajali ya same shi. Ta leƙa taga ta tofar da yawu. Ta ɓamɓare soson nan biyu, ta ƙulle a baƙar leda, ta sauka da kanta ta jefa a babbar bolar ƙarshen layi. Ta dawo ta wanke hannu har gwiwa, duk da safar.

Sai aka zo kan ƙarfen narka dalma. Duk mai guga ya san yadda ake gwada zafi: a lashi yatsa, a ɗan taɓa, a ji "tsut". Hannun Yaya ya yi wannan tun kafin kanta ya ba shi izini. Ta cire safa, ta lasa, ta taɓa. Ba "tsut" aka ji ba, ihu aka ji, har Baba ya rage rediyo ya tambaya ko an yi baƙi.

Da yatsa a naɗe ta ci gaba. Amma hannun da ya saba da dutsen guga bai san tsayawa wuri ɗaya ba: sai ta danna, ta ja gaba, ta ja baya, kamar tana fitar da karin wando. Roba ta narke, wani hayaƙi mai warin ƙonannen gashi ya cika ɗakin. Dalmar kuwa ta ƙi kama silin, sai ta dunƙule ta gangara kan jarida tana ƙyalli kamar tana yi mata dariya. Yaya ta leƙa taga ta ƙwala wa mai gyara kira.

"Dalmarka ba ta da tarbiyya!"

"Silin na da fenti a jiki!" ya amsa daga ƙasa. "Ki kankare bakinsa tukuna. Kuma ki daina goga shi, ba riga ba ce. Ɗora, ki ɗan jira, ki ɗaga."

Ta kankare da reza, ta ɗora, ta danne hannunta da ɗaya hannun don kada ya yi guga. Jan sili ya zauna, kore ya zauna, na ukun ma ya zauna, tsaf kamar ɗinki. Ta miƙe tana murmushi, sai idonta ya faɗa kan hular fulogin, wadda ake fara zurawa a igiya kafin a liƙa komai, zaune a gefen jarida. Abin da ta faɗa ba zai rubutu ba. Ta narkar da duka, ta zura hula, ta sake daga farko.

Na iso daidai lokacin da ta manna sabon soso fari tas, ta goge komai da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta jona. Kunnen hagu na magana, na dama na magana. Ta ɗora wa Baba a kai da hannu biyu.

Tsoho ya ɗan saurara. Ya cire, ya juya shi, ya kai hanci ya sansana.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Baba, naka ne! Soson kawai na canza."

"Nawa ya san kunnena. Wannan ƙaiƙayi yake, kuma warin asibiti yake yi. Ina nawa soson?"

Ya zare fulogin da ta ƙona yatsa a kansa, ya murɗe rediyo. Tagogi suka ɗauki rawa. A ƙasa muka ji ƙofar mai gidan haya ta buɗe da ƙarfi, takalmansa suka fara hawa bene.

Ni da bakina ba ya zama lafiya na ce, "Yaya, ashe duk shekarun nan maiƙon ne ke kawo tashar."

Ta juyo a hankali, ta ninke safar hannunta ta sa a aljihu.

"Ƙafarka ta iya ɓarna, yau hannunka zai koyi aiki. Bolar ƙarshen layi, baƙar leda ce, tana ƙarƙashin ta mai kifi. In ka samo kada ka wanke, haka yake so. Kuma ka miƙo ta ƙofa ka tsaya a waje, ƙazanta ɗaya nake iya ɗauka a rana."