Murhun da na ciro daga bango

Shekarun baya, lokacin da maigidana ya samu aiki a Lyon, muka sa gidanmu na Montreuil, a gefen Paris, a kasuwa. Ɗan gida ne mai ɗaki uku a hawa na huɗu, ba wani abin a zo a gani ba, in ka ɗauke madafa. Ita kam ina alfahari da ita, kuma ina da dalili.

Da aka ɗaura mana aure, daga Maraɗi kai tsaye na zo Paris, na tarar da ango a ɗakin ɗalibai da ko tabarma biyu ba za ta shimfiɗu ba. Ba a yi mini jere ba. Abin ya daɗe yana cin ran mahaifiyata, wai ta aurar da ɗiya kamar marainiya. Ranar da ta ji mun sayi gida, ta sayar da saniyarta da ɗan maraƙin, ta aiko da kuɗin ta hannun wani Alhaji mai shago a unguwar Barbès, ta ce ga kayan ɗakina. Da su na sa aka haɗa mini murhun lantarki, da fur na gashi, da injin wanke kwanuka, duk a manne cikin katako kamar tare aka gina su da gidan.

Wadda ta sayi gidan Bafaranshiya ce, ma'aikaciyar jinya mai 'ya'ya mata biyu. Ranar da ta zo dubawa ta fi daɗewa a madafa, tana shafa ƙofar fur ɗin. Ni kuwa ina gefe ina murmushi, a raina ina cewa shafa da kyau, baiwar Allah, don ba za ki ƙara ganinsa ba. A wurinmu ai mace ba ta tashi ta bar kayan ɗakinta. Ko cokali ne, nata ne, da shi take tafiya.

Mun je wurin noter, mai rubuta cinikin gidaje, aka yi takardar farko. Shafi-shafi na sa hannu, ni mai digiri biyu, ban karanta ko layi ɗaya ba. Hankalina na kan makarantar da yara za su shiga a Lyon.

Ana gobe sa hannu na ƙarshe, maigidana ya tafi Lyon karɓo makullin gidan da muka kama. Masu kwashe kaya suka zo, wasu dattawa biyu 'yan Mali. Da suka gama da ɗakuna na nuna masu madafa. Babbansu ya dube ni, ya dubi bangon.

"Madame, waɗannan ma?"

Na ce har su. Ya ƙara tambaya, na ɗaure fuska. Suka kwance komai suka sa a kamiyo, babbar motarsu ta kaya, bango ya zauna da ramuka uku da wayoyi suna reto. Na share, na goge, ina jin kaina 'yar halak.

Da safe matar ta zo duban ƙarshe, maigidana ma ya sauko daga jirgin ƙasa. Tare suka shiga madafa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta buɗe jaka ta fito da takardar, ta nuna mini shafin da aka jera murhu da fur da injin, ga sa hannuna a ƙasa ɓaro-ɓaro. Ta ce saboda madafar ta zaɓi gidan, kuma a haka ba za ta sa hannu ba.

Maigidana ya ja ni baranda.

"Mi kika aikata haka? Suna cikin contrat fa, takardar da muka sa wa hannu!"

"Kayan Inna ne," na ce. "Saniyarta ce. In ce mata mi? Na bar wa baƙuwa kayan ɗakina?"

Ya san ba zai iya da ni ba. Ya ciro waya ya kira Maraɗi, ya miƙo mini. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na tabbata zan sa tsohuwa kuka. Muka gaisa a gurguje, na zayyana mata komai, ina jira ta ce kada in yarda.

Ta ce, "Tsaya. Murhun kika ciro? Daga bango?"

Na ce e.

Sai dariya, har da tari. "Ke ɗiyar nan, karatu ya ɓata ki. Wa kika taɓa gani ya tashi da murhu? Da muka baro ƙauye na kwashe tukwanena da tasoshina, ko ludayi ban bari ba. Amma murhu can na bar shi, wadda ta shigo bayana ta hura wuta. Haka na tarar da na wata a nan. Ki maida wa matar mutane abinta. Tana da ɗiya?"

Na ce biyu.

"To da mi za ta dahwa masu yau? Maza."

Kunya ta rufe ni. Na sauka da kaina wurin dattawan nan, kamiyo a ƙofar gida ya kwana, ko tashi bai yi ba. Babban ya ɗora fur a kafaɗa, sannan ya ce da ma a bakin ƙofar motar ya ajiye su, ya san za su koma. Aka ɗaga sa hannu zuwa la'asar. Kafin nan na ba matar labarin saniyar, ban ɓoye komai ba. Ta riƙe hannuna ta ce in gaya wa mahaifiyata za ta kula da kayan.

Abin dariyar, da muka isa Lyon na tarar da madafar gidan da murhunta da fur ɗinta a manne. Da na yi nasarar tahowa da nawa, sai dai in jera su a falo.

Yanzu in na tuna, abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda na riƙe rabin al'ada da ƙarfi har na kusa rushe cinikin gida, alhali sauran rabin yana wurin tsohuwa, ban taɓa tambaya ba. Ina karanta takarda yanzu, har ƙananan rubutun. Ina kuma yawan tambayar Inna kafin in yi rantsuwa da sunanta.

Matar nan duk sabuwar shekara takan turo mini hoton abin da 'ya'yanta suka gasa, ni kuma in tura Maraɗi. Har yau in mun yi waya da Inna, bayan ta tambayi maigida da yara da sanyi, sai ta ƙara da cewa, "Ina mutanen murhuna? Suna ci suna ƙoshi?"

Nakan ce suna ƙoshi, Inna. Sai ta ce to madalla, saniya ba ta tahi banza ba.